Maman Patricia, Malamar Ajin Asabar

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne Lucia ta baro ƙauyensu da ke bayan Zonkwa, ta biyo mijinta Abuja. Ta zo da keken ɗinkinta ɗaure a saman mota, da ƙullin busasshiyar citta da uwarta ta cusa mata a jaka, da 'yarta Patricia mai shekara shida riƙe da bakin zaninta. Mijin, Nicholas, ya daɗe da riga ta zuwa. Direba ne a gidan Alhaji Umar Farouk, wani darakta a ma'aikatar tarayya, can Maitama inda katangar gida ta fi cocin ƙauyensu tsayi. Amma direba ba ya ajiye iyali a Maitama. Sai ya kama musu ciki da falo a Karu, a wani gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, da rijiya a tsakar gida wadda kan ƙafe tun kafin Ista.

Lucia doguwa ce siririya, mai babbar murya, ko raɗa ba ta iya ba. Ubanta katikis ne, shi ke jan addu'a a ƙauye duk Lahadin da Fada, limamin coci, bai samu zuwa ba. Don haka ta tashi da tambayoyi da amsoshin katikizim a bakinta, kamar yadda wasu yara kan tashi da waƙar gaɗa. Karatun boko kuwa a firamare ya tsaya. Haihuwarta uku, biyu sun koma tun ba a yaye su ba. Patricia ce ta tsaya, ita ma da sikila ta zo. Idanunta kan yi rawaya, in kuwa sanyi ya shige ta sai ƙasusuwa su kama sara har ta ciji filo. Da ciwon ya lafa kuma, ba wanda ya kai ta surutu da tsokana a gidan.

Ɗakin da ke kallon nasu na Rakiya ne, wata Bazazzagiya mai suyar waina a bakin titi, matar Ilyasu bakanike. Ran da suka tare Rakiya ta aiko da waina a faranti, Lucia kuma ta rama da ɗinka wa 'yarta Saudatu riga. Tun daga nan kowacce ta san lokacin ibadar 'yar'uwarta. In Rakiya ta ji an fara rosari, addu'ar carbin Katolika, sai ta rage rediyo, Lucia kuma ba ta taka keke in ta ga an shimfiɗa sallaya a ƙofar ɗaki.

Shekarun nan Abuja gaba kawai take yi. Kullum Nicholas ya dawo da labarin sabon bene ko sabuwar gada. Wayar salula ta shigo, har mai gyaran takalmi ya rataya tasa. Mutane suna ta kwararowa daga Binuwai da Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Ibo, duk wanda cikin gari ya fi ƙarfinsa sai ya gangaro Karu. Ƙaramar majami'ar Katolika da ke unguwar ta cika ta batse tun ginin bai kai ga rufi ba.

Wata Lahadi bayan an tashi daga Mas, babbar ibadar coci, Fada Alexander, wani matashin firist ɗan Filato, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Maman Patricia, ajin 'yan ƙaramar sakandare ba shi da malami. Duk wanda na ba shi sai ya gudu."

"Haba Fada, ni da ko Turancin kirki ban iya ba? Yaran nan fa 'yan makaranta ne."

"Turanci su ji da shi a makaranta. Ni mai haƙuri nake nema, kuma mai murya."

Ta ce za ta gwada na wata ɗaya. Ba ta sake tayar da maganar watan ba, shi ma bai tuna mata ba.

Ajin kuwa sai wanda ya gani. Yara ne da sun wuce a rarrashe su da tafi da waƙa, ba su kuma kai su zauna shiru ba. Mazan muryarsu ta fara fashewa, matan sun fara rufe baki in za su yi dariya. Duk yammacin Asabar sukan jera benci a cikin ginin, tsakanin tulin yashi da bulo, Lucia ta tsaya a gabansu da ɗankwalin Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci. Da Hausa take koyarwa, irin ta Abuja wadda kowa ke ji, in ta ga wani ya yi zuru sai ta jefa masa Turancin buroka. Ta fara musu daga alamar gicciye, ta ce duk wanda ya yi ta kamar mai korar ƙuda sai ya sake. Daga nan ta bi da su kan Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da haihuwar Yesu da mutuwarsa da tashinsa, da dokoki goma, da tsarkakan ibadu bakwai da ake kira sakramenti. Abin da ake shirya su dominsa shi ne Tabbatarwa, ranar da Bishop zai zo ya shafa musu mai a goshi su zama cikakkun 'yan Ikilisiya. Ta yaye aji, ta karɓi wani, ta yaye shi. A unguwa aka fara ce mata Malama.

Shekarar da Patricia ta shiga ƙaramar sakandare, ita ma ta shigo ajin. Tun a gida uwar ta kafa mata doka.

"A can ba ni da 'ya. Malama za ki ce mini kamar kowa."

"To, Malama," in ji Patricia, ta durƙusa har ƙasa tana ƙunshe dariya.

A benci ɗaya suke zama da ƙawarta Christina, 'yar wani mai kula da lambu a Maitama, yarinya mai kaifin baki da ba ta barin magana ta wuce ta. Ranar da Lucia ta so ta sauƙaƙa musu zancen Allah ɗaya cikin uku, sai ta kawo misalin murhu: duwatsu uku, wuta ɗaya, tukunya ɗaya.

Christina ta ɗaga hannu. "Malama, ai duwatsun uku ne dai. In na ɗauke ɗaya na kai gidanmu, saura biyu. Ana iya ɗauke Ruhu Mai Tsarki haka?"

Aji ya fashe da dariya. Lucia ta tsaya ta dubi yarinyar, sai ita ma ta yi dariya.

"Kin kama ni. Misalin nan gurgu ne, ku jefar da shi. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Allah ne, kuma Allah ɗaya ne, ba a raba shi. Kaina bai kai can ba, na Fada ma bai kai ba. Abin da aka ba mu ke nan, shi nake ba ku."

Haka take. In ta san amsa ta faɗa da ƙarfi, in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, za ta tambayo Fada. Wannan ya sa yaran suka riƙa kawo mata tambayoyin da ba sa iya yi a gida.

Da damina ta kankama suka iso darasin ƙarshe, na tashin jiki da rai madawwami. Lucia ta bayyana musu cewa ba rai kaɗai Allah zai karɓa ba, har jikin nan da aka binne zai tashe shi. Patricia, wadda ba ta cika tambaya a aji ba don kada a ce 'yar Malama ce, ta ɗaga hannu.

"Malama, wannan jikin nawa ne zai tashi, ko wani za a ba ni?"

"Wannan ɗin dai. Amma Allah zai sabunta shi. Ba ciwo, ba kuka, ba asibiti."

Yarinyar ta dubi siraran hannayenta, ta juya su.

"Ni fa ban taɓa sanin jikina ba tare da ciwo ba. In aka cire ciwon, ta yaya zan gane ni ce?"

Ba wanda ya yi dariya. Lucia ta leƙa waje ta dubi sama. Ta ce hadari ya taso, kowa ya tashi a yi addu'ar rufewa. A hanyar gida ta riƙe hannun 'yar kamar lokacin tana ƙarama, Patricia kuwa har ta manta, tana ba ta labarin wani malaminsu na lissafi da wandonsa ya yage a gaban aji.

An sa ranar zuwan Bishop. Iyaye suka kawo wa Lucia farin yadi, ta kama ɗinka wa 'yan matan ajin riguna. Ta Patricia ta fara yankawa, ta sa mata ɗan leshi a wuya saboda yarinyar ta nace. Ita kuwa Patricia aikinta shi ne canza sunan waliyyiyar da za ta ɗauka ranar Tabbatarwa. Yau wannan, gobe waccan, har uban ya ce in ba ta tsayar ba shi zai zaɓa mata.

Ana cikin haka ruwa ya tare ta a hanyar dawowa daga makaranta. Ta iso gida sharkaf tana rawar sanyi. Lucia ta shafa mata man zafi, ta ba ta magungunan da suka saba. Washegari da safe ciwon ya bar ƙafafu ya hau ƙirji, numfashi ya fara yi mata wuya. Rakiya ta bar kaskon waina a kan wuta ta kira Nicholas a waya. Yana gaya wa matar ogansa, Hajiya Nazeefa, ta ce ya ɗauki mota ya tafi, kada ya tsaya jiran oga.

A asibiti likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata. Na iyayen bai yi ba. Ilyasu ya zo da kayan aikinsa duk baƙin mai, ya naɗe hannun riga, aka gwada nasa ya dace. Jinin ya ɗan ɗaga ta, har ta sha kunu ta tambayi ko an gama rigarta. Kwana kaɗan zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. Lucia ta lura nas-nas sun daina haɗa ido da ita. Ba ta tambayi kowa ba, ta aika a kira Fada.

Fada Alexander ya zo da rana tsaka, tare da shugabar Zumuntar Mata. Ya ja Lucia gefe ya ce mata in yaro yana bakin mutuwa, firist yana da izinin ba shi Tabbatarwa ba sai an jira Bishop ba. Lucia ta san haka, ita da kanta ta koya wa yara. Amma da ta ji an faɗa a kan 'yarta sai ta juya ta dafa bango.

Aka ja labule. Shugabar mata ta ɗora hannu a kafaɗar yarinyar, Nicholas ya tsaya a ƙarshen gado da hularsa a hannu, Rakiya tana bakin ƙofa rungume da kular abinci. Fada ya sunkuya.

"Patricia, wane suna kika zaɓa?"

Sai da ta huta kafin ta ce, "Lucia." Ta juyo da ido wajen uwar, bakinta ya ɗan motsa. "Ba don ke ba, Malama. Don waliyyiyar ce."

Fada ya shafa mata mai a goshi, ya ba ta Jibi Mai Tsarki, gurasar da aka tsarkake, ɗan ƙanƙani yadda za ta iya haɗiya. Ta yi barci. Kafin la'asar ta rasu, hannunta cikin na uwarta.

Gida aka kai ta. Nicholas ya ce ba zai bar 'yarsa a garin da ba ya da ko taku ɗaya na ƙasa ba. Alhaji Umar Farouk ya ba da motar da ta ɗauki gawar, ya kuma zo Karu da kansa ya zauna a kan benci ya yi ta'aziyya. Lucia ta ƙarasa kalmasa farar rigar da hannu, da ita aka sa yarinyar a akwati. Aka binne ta a bayan cocin ƙauye, kusa da kakanta katikis.

Da suka dawo Abuja, sauran rigunan suna nan jibge a kan keke. Matan coci suka ce ta bari a kai wa wani tela. Ta ƙi. Ta zauna ta ɗinke su tas. Ranar da Bishop ya zo ta jera yaran a layi, ta gyara wa wannan wuya ta goge wa wancan fuska, ta tsaya har aka shafa wa na ƙarshe mai. Ana fara ɗaukar hoto ta zame ta koma gida, ta rufe ƙofa. Rakiya ce ta ji kukan, ta shiga ba sallama, ta zauna a ƙasa kusa da ita har rana ta faɗi.

Daga nan Lucia ta daina zuwa ajin Asabar. Mas ma a bencin baya take zama, ta fita kafin a sallami jama'a, don ta gaji da masu ce mata Allah ya fi ta son yarinyar. Ta san da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma duk sanda ta ji sai ta kau da kai ta ƙara sauri. Ta kuma lura mutane sun daina ce mata Maman Patricia, kowa sai Malama. Wata safiya a bakin rijiya Rakiya ma ta ce, "Malama, ga guga."

Lucia ta ajiye bokiti. "Maman Saudatu, har da ke? Ki kira ni da sunana. An ɗauke yarinyar, kada ku ɗauke mini sunan kuma."

Rakiya ta share ido da gefen mayafi. "Ki yafe ni, Maman Patricia."

Nicholas kuwa nasa baƙin cikin shiru ne. Yakan fita tun da sassafe, ya dawo ya ci abinci kaɗan ya juya wa ɗaki baya. Aikinsa ya haɗa da kai 'yar autar oga makaranta, yarinya sa'ar Patricia, mai surutu kamar ita. Bai taɓa gaya wa matarsa yadda yake ji da wannan ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma ta ga yadda furfura ta cika masa kai a shekara guda.

Fada Alexander bai matsa mata ba. Shi ya riƙe sabon ajin da kansa, Christina tana taya shi jera benci da kiran suna, tunda ita an riga an tabbatar da ita. Sai bayan Ista ya biyo ta gidan, ya same ta a kan keke.

"Za a mayar da ni wata Ikilisiya, Maman Patricia. Ban zo in ce dole ba. Na zo ne ki san ajin zai zauna ba kowa."

Ta ci gaba da taka kekenta. Amma ranar Asabar ta ɗaura ɗankwali ta tafi.

Ta koyar kamar da, sai dai muryar ta ragu, dariya kuma sai jefi-jefi. Ta bi darussan ɗaya bayan ɗaya lafiya, har damina ta sake kawo su kan tashin jiki. Ta tsaya a gaban yaran, ta fara, ta kasa. Ta sake farawa, ta sake kasawa. Yaran suka sunkuyar da kai, don duk sun san labarin. Sai Christina ta yi magana daga baya, a hankali, ba da irin bakin nan nata ba.

"Malama, ke kin yarda za ki sake ganinta?"

Lucia ta zauna a kan bulo, abin da ba ta taɓa yi a aji ba.

"Zan gaya muku gaskiya, don ban saba yi muku ƙarya ba. Wata rana nakan tashi na yarda sarai, har in ji kamar tana bayan ƙofa. Wata rana kuma in tashi ba na jin komai, in yi addu'a kamar ina magana da bango. A irin ranar nakan faɗi abin da Ikilisiya ta koya mini ko da zuciyata ba ta bi ba, in ce wa Allah, ga shi na faɗa, kai ka riƙe mini sauran. Yau irin ranar ce. Don haka ku za ku faɗa, ni in saurara."

Yaran suka miƙe suka karanta Shaidar Bangaskiya tun daga farko har ƙarshe, wasu da Hausa wasu da Turanci, muryoyi suna karo da juna. Ita tana zaune tana kallon ƙasa. Da suka gama ta ce su tafi gida, ta gode.

Bayan wannan abubuwa suka yi ta sauyawa, ba kuma wanda ya shawarce ta. Ma'aikatan rusau suka zo suka shafa jan fenti a bangon gidajen layinsu, aka ce a kan hanyar da za a fitar suke. Katafila ta zo da hantsi, mutane suna ta jan katifu da tukwane zuwa bakin titi. Rakiya da Ilyasu suka nufi Mararraba wajen wani ɗan'uwansa. Matan biyu suka rungume juna a tsakiyar tarkace, kowacce tana cewa za ta zo, kuma sun ziyarci juna da farko, kafin nisa da tsadar mota su mayar da zumuncin na waya. Ba a daɗe ba Alhaji Umar Farouk ya yi ritaya ya koma garinsu. Ya sallami Nicholas da mutunci, da abin da ya ba shi suka sami ɗan fili a bayan Kuje suka yi ɗaki biyu, Nicholas ya koma noman rogo da masara kamar ubansa.

Duk da haka Lucia ta ci gaba da zuwa Karu ranar Asabar, mota biyu zuwa mota biyu dawowa. An gama ginin cocin, an sa tayil da fankoki, masu hali sun yi yawa a cikinsa. Sabon Fada mutumin kirki ne, amma iyaye sun fara ƙorafin cewa 'ya'yansu ba sa jin Hausa, suna son a koyar da Turanci da sababbin littattafai masu hotuna. Aka kawo matasa biyu masu digiri. Wata Lahadi aka kira Lucia gaban jama'a, aka yaba mata, aka ba ta atamfa da agogon bango, aka tafa. Ta durƙusa ta karɓa ta yi godiya. A mota ta rungume agogon a cinya har Kuje. Da Nicholas ya tambaye ta yadda aka yi, sai ta ce, "Sun kyauta, Baban Patricia. Yaran za su fi ganewa." Ta shiga ɗaki ta kwanta da rana.

A Kuje akwai wata 'yar majami'a ta laka a gefen gonaki, wadda Fada ke zuwa sau ɗaya a wata. Yaran wurin 'ya'yan manoma ne da masu gadi da ma'aikatan gidan yari, ba mai koya musu komai. Ba wanda ya roƙe ta. Ita ce ta ga suna wasa da ƙasa a bakin ƙofa ana tsakiyar addu'a, ta kira su ta ce su zo ranar Asabar. Suka zo su kaɗan, daga baya suka ƙaru. Idanunta sun fara yana, ɗinki ya gagare ta, hawan jini kuma ya sa ƙafafunta kumbura. Sai ta riƙa koyarwa a zaune a kan kujera 'yar tsugune, a gindin wata bishiyar kashu. Ba ta buƙatar littafi. Yaran nan ba su san ta taɓa haihuwa ba, Kaka suke ce mata, ita kuma ta bar su a haka.

Wata Asabar cikin watan Agusta ta tsaya a tsakiyar bayani a kan gafarar zunubai, ta dafe kai. Ta ce wa yaran kanta na sarawa, su tafi, sai mako mai zuwa. Da Nicholas ya dawo daga gona ya same ta a ƙofar ɗaki zaune, bakinta ya karkace, ba ta iya magana. Maƙwabta suka taimaka aka kai ta asibiti. Ba ta farfaɗo ba. Fada ya zo ya yi mata shafewar marasa lafiya, ta rasu a tsakiyar mako, da safe, Nicholas yana gefenta.

Shi da 'yan'uwansa suka kai ta ƙauye. Jana'izar ba ta tara jama'a ba, don lokacin aikin gona ne, kuma yawancin waɗanda ta koyar sun watsu a Legas da Kaduna da Fatakwal, labarin bai kai gare su ba sai daga baya. Nicholas bai koma Kuje da zama ba. Ya bar wa wani ƙanensa gonar, ya zauna a gidan ubansa.

A rikicin tafiyar ba wanda ya tuna ya gaya wa yaran da ke can cikin gonaki. Ranar Asabar suka zo kamar kullum, wasu da ƙannensu a goye. Suka share gindin bishiyar, suka ɗauko kujerar daga cikin coci suka ajiye, suka zauna suna jira. Da jiran ya yi tsawo mazan suka fara buga ƙwallon leda, matan suna yi wa juna kitso. Can wata mata mai dawowa daga kasuwa ta gan su, ta sauke kayanta ta gaya musu. Suka bar wasan. Babbar cikinsu ta mayar da kujerar ciki ta ja ƙofa, suka kama hanyar gida.